Wayar Gado

Shafi na 23

Masu turo min saƙo kuna cewa na shanya ku kwana biyu, ku yi haƙuri, cirar gyaɗa muke yi, hannun bai samu sarari ba. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙarfi ta nemi wuri ta zauna kafin ta fara karantawa.

Ko sallama Hanne matar Kabo ba ta yi ba ta faɗo tsakar gidan, hijabi a baibai, takalmi ƙafa ɗaya. Umaima na durƙushe tana tsince gyaɗa a faifai, 'yarta Hauwa'u na barci a tabarma kusa da ita.

"Umaima kin kashe ni!"

"Innalillahi! Hanne, wa ya mutu?"

"Ni ce zan mutu. Ba kin ce kin goge ba? Ba ke kika dafa kafaɗata kika ce ko aljani ba zai ji ba?"

Faifan ya suɓuce daga hannun Umaima, gyaɗar ta watse, kaji suka yo kai. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Wallahi na goge. Da hannuna na goge, ina kallo ya ɓace."

"To ya dawo. Jiya Badaru ya kunna wa maza ɗaya a majalisa. Muryar tsohuwar nan ta bayan masallaci, tana faɗin yadda basir ya hana ta zama. Kabo ya shigo gida yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce saura ɗari biyu da wani abu, yau bayan la'asar za a kunna su duka a gaban Bappa."

Bari in tuna wa waɗanda suka shigo mana a tsakiya. Umaima ita ce 'yar sa-kai ta asibiti a Balan, mai bin gida-gida ranar rigakafi. Bara ne Malama Zuhra, malamar jinya a Gaya, ta sa mata sabuwar manhajar nan MuTaru a waya, saboda ita ko sabis ya yi rauni tana tura murya. Tun daga nan matan da ba su da waya, da waɗanda tasu ke kwana a aljihun miji, sai su shigo kamar sun zo aron rariya, su turo ƙofar ɗaki, su faɗa wa wayar abin da ba za su iya faɗa wa uwar da ta haife su ba. Umaima ta tura, Malama ta amsa, magani ya zo a ƙasan jakar rigakafi, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Sai Allah ya yi wa mijinta Inuwa rasuwa. Da ta fita takaba aka zauna rabon gado, Bappa, ƙanen mahaifin marigayi, ya sa aka fito da komai aka jera a tabarma, har da wayar, tunda Inuwa ne ya saya kuma da sunansa aka yi rajistar layin. 'Ya mace ɗaya ya bari, don haka abin da ya ragu ya koma ga ƙanensa Badruddeen, wanda kowa ke kira Badaru, wayar kuwa ta faɗo a kasonsa. Da Umaima ta buɗe baki ta ce a sa mata ita a cikin tumuninta, da an sa, ba mai hana ta. Kunya ce ta rufe mata baki, kada a ce mace ta fito takaba jiya yau tana jayayya a kan waya a gaban surukai. Sai kawai ta roƙi a ba ta zuwa azahar, ta shiga ɗaki, ta danne alamar MuTaru har ta fara rawa, ta ja ta ta jefa a kwandon shara. Ta ga ta ɓace. Har goge gilashin ta yi da bakin zaninta kafin ta miƙa, baiwar Allah, a zatonta ta gama.

"Hanne, zauna."

"Ba zan zauna ba! Kin san abin da na faɗa a ciki. Kin san rantsuwar da Kabo ya yi."

Ta sani. Haihuwa tara Hanne ta yi, ta ƙarshen sai da aka ɗauke ta a bayan motar gero zuwa Gaya, jini ya jiƙa buhuna biyu. Likita ya ce in ta sake wani cikin nan kusa, a fara tanadin likkafani. Shi kuwa Kabo ya rantse a gaban 'yan'uwansa, duk ranar da ya ji matarsa ta yi allurar tazara, a bakin aurenta, kuma ba ta fita masa da ɗa ko ɗaya ba. Hanne ta yi allurar, sau uku ma, kuma da bakinta ta faɗa wa wayar.

"Bakwai ne a raye, Umaima. Ƙaramin ko yaye shi ban yi ba. Ina zan je? Wa zan bar wa su?"

Umaima ta rarumo 'yar ƙaramar wayarta mai madannai, ta kira Malama Zuhra. Sai a kira na uku aka ɗaga.

"Malama, asirinmu ya tonu. Saƙonnin nan sun dawo a wayar Badaru."

"Subhanallahi! Ba kin rufe akawun ɗin ba?"

"Na goge shi."

"Gogewa daban, rufewa daban, Umaima. Manhajar kawai kika cire daga wayar. Muryoyin suna can a ajiye a wurin masu kamfanin, an ɗaure su da lambar layin. Duk wanda ya sake sauke ta da wannan layin, komai zai dawo masa."

"Ba wanda ya faɗa min haka."

Murya a sanyaye Malama ta ce, "Ni ma ban faɗa miki ba. Laifina ne. Sauƙinta kawai na duba."

"To ki goge daga wajenki, don girman Allah."

"In na goge nawa ne kawai zai tafi. Zan rubuta musu yanzu, amma su sai sun yi sati biyu kafin su amsa. Wanda layin ke hannunsa shi kaɗai zai iya rufewa yau."

Sati biyu! Alhali tsakaninsu da la'asar ko awa shida babu. Umaima ta ajiye wayar, ta saɓa Hauwa'u a baya, ta zura hijabi.

"Je ki gida, Hanne. Ki wanke fuska, ki ɗora girki. Kada Kabo ya ga alamar komai."

"Ke fa?"

"Gidan Badaru za ni."

Ba ta same shi ba, ya yi sammakon kasuwar Ajingi da buhunan gyaɗa. Matarsa Sadiya ce kaɗai a gidan, zaune a bakin murhun da babu wuta, idanu sun kumbura. Kallo ɗaya Umaima ta yi mata ta san labari ya riga ta zuwa.

"Yaya Umaima, nawa ma yana ciki ko?"

"Yana ciki. Washegarin Babbar Sallah kika yi shi, kina fita Hanne ta shigo. Naki da nata a jere suke."

Sadiya ta ɗora hannu biyu a ka.

Ga abin da duk Balan ba wanda ya sani, daga Sadiya sai Umaima sai Malama. Badarun nan mai ƙaton murya, mai sauke buhu shi kaɗai daga mota, yana da farfaɗiya. Shekara huɗu kenan da ta same shi, kuma Allah ya rufa asiri, a cikin gida take kayar da shi. Sau ɗaya ya yarda ya ga likita a Kano, a ɓoye, daga nan ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka asibiti ba kada wani ya gan shi. Kun dai san yadda mutanenmu ke ɗaukar ciwon nan, a daina cin abinci kwano ɗaya da kai, a daina neman 'ya'yanka, a riƙa nuna ka da baki. Sadiya ce ke kai takardar likitan ta hannun Umaima ana karɓo masa magani, shi kuwa ta ce masa wanta ne ke aikowa daga Kano.

"Sadiya, ke kaɗai za ki iya tsayar da shi. Yana dawowa ki ja shi ɗaki ki faɗa masa gaskiya. In ya san ciwonsa na ciki, ba zai kunna ba."

"In faɗa masa na kai sirrinsa waje? Yaya, ba ki san shi ba. Ya taɓa ce min ranar da mutum na uku ya ji, gara ya sha fiya-fiya. Kuma ba da wasa ya faɗa ba, ina kallon idonsa."

"To ni bari in faɗa masa."

Sadiya ta zube ta kama ƙafafunta.

"Na haɗa ki da Allah! Kin rantse min a ɗakinki, Alƙur'ani na rataye a kanmu. Ki nemi wata hanya, amma ban da wannan."

"Wace hanyar, Sadiya? Nuna min ita in bi!"

Sadiya ta rushe da kuka. Umaima ta juya za ta fita, sai wani abu ya faɗo mata a rai, ta tsaya a bakin zaure.

"Maganinsa fa? Tun kafin rabon gado rabonki da karɓa."

Sadiya ta sunkuyar da kai.

"Ya ƙare. Yau kwana goma sha biyu. Kunyar zuwa wajenki nake ji, bayan mijina ya karɓe miki waya."

Kunya dai, kunya dai! Ni kam wani lokaci har haushin kanmu nake ji, mu mata. Kunya ta sa Umaima ta miƙa wayar, kunya ta sa Sadiya ta bar miji ba magani, kuma duk cikinsu ba wadda ta yi don mugunta.

Umaima ta wuni tana safa da marwa tsakanin gidanta da bakin titi. Duk motar da ta tsaya daga Ajingi sai ta leƙa. Ta kira layin Badaru, wato tsohon layinta, ya fi sau ashirin, yana gani yana katsewa. Sai ana kiran la'asar ya sauka, ya wuce masallaci kai tsaye, maza kewaye da shi.

Ana idar da salla aka baje tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci. Ban taɓa jin majalisar Balan ta cika haka ba, har waɗanda ke gona sun baro aiki. Badaru ya zauna a gefen dakalin siminti, ya ajiye wata 'yar sifika da ya aro a gabansa, wayar na hannunsa yana juya ta. Sati uku kacal da fara riƙe babbar waya, amma in ka ji yana bayani sai ka rantse da shi aka ƙera ta.

"Ni fa abin nan ya yi min," in ji Kabo, yana gyara hula. "Ina kwance a ɗakina nake jin farashin gero na Kano. Jiya har ɗan'uwana na Legas na gani yana cin abinci."

"Ai ba ka ga komai ba," Badaru ya amsa. "Yanzu ɓoye-ɓoye ya ƙare a duniya. Mai gaskiya ba ruwansa, mai munafunci ne kawai zai ji tsoro."

Bappa na zaune a buzunsa yana jan carbi, ya girgiza kai.

"Ni abin da ke ba ni tsoro, an ce ba ya mantuwa. Mu da muka tsufa mun ga amfanin mantuwa. Rigingimu nawa aka yi a garin nan, aka wayi gari an manta, aka ci gaba da aure tsakani?"

"Bappa, wannan zamaninku ne."

"Haka ne, zamaninmu ne. Amma ban ga kun fi mu kwanciyar hankali ba."

Wani daga baya ya ce shi tunda aka tambaye shi hoton fuskarsa da sunan uwarsa kafin ya shiga manhajar, ya fasa. Wani ya ce to me za su yi da sunan uwar tasa, miya? Aka kwashe da dariya. Ana cikin dariyar ne aka ji sallamar mace.

Majalisa ta yi tsit. Umaima ce, ta bar Hauwa'u a maƙwabta, ta ratso maza ta zo gaban Bappa ta durƙusa. Tunda take ba ta taɓa taka wurin nan ba, amma yau ba ta da zaɓi.

"Bappa, ina wuni. Ku gafarce ni, na san nan ba wurina ba ne."

"Lafiya lau, 'yata. Faɗi abin da ke tafe da ke."

"Amana ce a cikin wayar nan, Bappa. Marasa lafiya ne suka yi magana da malamar asibiti. Waya ta Badaru ce, gado ya ba shi, ban ja ba. Amma muryoyin da ke ciki ba na Inuwa ba ne, balle a gaje su."

Bappa ya dubi Badaru.

"Ka ji fa. Maganarta a kan hanya take. Ni waya na raba, ban raba maganar mutane ba."

"Bappa, da girmanka," in ji Badaru, "matanmu ne a ciki. Ana raɗe-raɗin akwai masu zuwa ɗakin nan ana yi musu hanyar allura ba da sanin mazansu ba. Shin miji ba shi da haƙƙin ya sani? Ni ban ma saurara ba, ɗaya tak na kunna jiya. Na bari ne a ji a gaban kowa, kada gobe a ce Badaru ya ƙara ko ya rage."

"Gaskiya ne!" Kabo ya ɗaga murya. "A kunna! Wadda ba ta yi komai ba me zai dame ta?"

Umaima ta juyo ta fuskanci ƙanen mijinta. Yaron da ta sha zuba wa tuwo a gidan wansa, yau ita ce durƙushe a gabansa.

"Badaru, don darajar Inuwa, ka ba ni minti biyu. Mu koma gefe, ni da kai, in faɗa maka magana ɗaya."

Wani ya yi tari, wani ya ce "Oh oh!" ƙasa-ƙasa, samari suka fara zunɗe. Bazawara da ƙanen miji a gefe, ai kun san inda tunanin majalisa zai tafi. Fuskar Badaru ta ɗaure.

"Yaya Umaima, ba ni da wata magana ta gefe da ke. Abin da za ki faɗa, faɗe shi a nan."

"Ba zai faɗu a nan ba."

"To kin gani? Kun gani ko? Komai nata a ɓoye!"

Kalma huɗu kawai take buƙata, ciwonka na cikin wayar, shi kenan ya kashe sifikar, Hanne ta tsira da 'ya'yanta. Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Sai ta tuna Sadiya riƙe da ƙafafunta, ta tuna fiya-fiya, ta dubi mazan da suka zuba mata ido sun fi sittin, ga samari uku sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. In ta faɗa a nan, ita da bakinta ta yi abin da ta zo hanawa. Ta haɗiye maganar.

"Badaru, ka karɓi gonar da ta faɗo min a tumuni. Na ba ka, Bappa shaida. Ka ba ni layin kawai, ka riƙe wayar."

Majalisa ta ɗauki guna-guni. Ita ba ta san ta ƙara ɓata lamarin ba.

"Gona guda saboda layi?" Kabo ya miƙe tsaye. "Jama'a, me ke cikin abin nan da ya kai gona?"

"Badaru, ajiye wayar nan," in ji Bappa, muryarsa ta canza. "Ni na ce ka ajiye."

Amma an riga an wuce wurin. Murya goma ke cewa a kunna, muryar tsoho ɗaya ba ta fita. Badaru ya buɗe MuTaru, ya fara jan jerin saƙonnin da babban yatsa. Babu suna a jikinsu tunda duk daga waya ɗaya suka fita, sai kwanan wata da tsawon magana. Umaima na durƙushe dab da shi, tana ganin gilashin sarai. Yatsan na tafiya, na tafiya, sai ya rage gudu daidai kan wani dogo mai minti huɗu. Ta ga kwanan watan. Washegarin Babbar Sallah.

"Ba wannan ba!"

Wallahi ba ta san lokacin da ya fita daga bakinta ba. Da ta yi shiru, da wataƙila ya wuce shi.

Badaru ya ɗago ya dube ta, ya yi murmushi.

"Ashe? To wannan da kike tsoro, da shi za mu fara."

"Badaru, na roƙe ka da Allah da Annabi, kanka za ka cuta!"

Ya danna.

Sifikar ta yi ƙara, aka ji motsin ƙofa, aka ji jan numfashi, sannan murya ta fito tar, har bakin titi ana ji.

"Salamu alaikum Malama Zuhra. Sadiya ce, matar Badaru na Balan."

Murmushin ya daskare a fuskarsa.

"Malama, don Allah wannan magana ta tsaya tsakaninmu. Maigidan ne, farfaɗiyar nan ta sake kayar da shi ranar Sallah, bayan mun dawo gida daga idi. Har ya ciji harshe, har ya ɓata wandonsa, ni na wanke kafin ya farfaɗo don kada ya sani..."

Ba wanda ya yi dariya. Ko tari ba wanda ya yi. Badaru ya kai yatsa zai kashe, yatsan ya kauce. Ya sake kaiwa, hannun ya ƙi ba shi haɗin kai. Umaima ta ga leɓensa na motsi ba magana, ta ga idonsa ya tsaya wuri ɗaya, ta tuna kwana goma sha biyu ba magani, ga wunin rana a kasuwa, ga wannan. Nan take ta gane abin da ke tafe.

Wani irin ƙara ya yi, jikinsa ya sandare, ya kifo daga kan dakalin. Wayar ta yi tsalle ta faɗa can tsakiyar tabarma, muryar Sadiya na ci gaba da fita daga sifika.

Maza suka watse kamar an jefa wuta a tsakiyarsu.

"Ku ja baya! Kada yawunsa ya taɓa ku!"

"A kawo cokali a sa masa a baki!"

"Kada wanda ya sa masa komai a baki!" Umaima ta daka tsawa, ita kanta ba ta san tana da wannan muryar ba. "Ba a ɗauka ta yawu! Ku zo ku taimaka min!"

Ba wanda ya matso sai Bappa, shi kuwa kafin ya dafa sanda ya miƙe aiki ne. Jikin Badaru ya fara fizga, ƙeyarsa na dukan gefen dakalin, bugu ɗaya, bugu biyu, jini ya fito. Umaima ta dubi wayar. Taku huɗu ne tsakaninsu. Ta dubi kan da ke shirin sake haɗuwa da siminti.

Ta yi kansa. Ta cusa hannuwanta biyu a ƙarƙashin ƙeyar, bugu na uku ya sauka a kan yatsunta, ta ji zafin har cikin ƙwaƙwalwa amma ba ta janye ba. Ta tura shi da gwiwa ya koma kan haƙarƙari yadda Malama ta koya musu, ta ja gefen hijabinta ta rufe masa daga ƙugu zuwa ƙasa don ta ga abin da ya fara jiƙa wandon, ga wayoyin samari har yanzu a sama.

"Ku sauke wayoyin nan, ku ji tsoron Allah! Wani ya kashe sifikar! Bappa, ka sa a kashe!"

"Ku kashe abin nan!" Bappa ya yi ta faɗa yana nuni da sanda. "Ba ku ji ba ne?"

Kowa ya ji, amma sifikar na gefen Badaru inda kumfa ke zuba, ba mai son matsowa, wayar kuma kowa na jiran wani ya fara taɓawa. Ko kuwa dai kunnuwansu ne ba su ƙoshi ba, Allah masani.

"...ki taimaka min da na wata biyu, Malama, kada ya yanke. Mutumin kirki ne wallahi, tsoron bakin mutane ne kawai ya yi masa yawa. Na gode, Allah ya rufa miki asiri."

Saƙon Sadiya ya ƙare. Umaima ta san halin MuTaru, in ɗaya ya ƙare ba ta jiran a danna, na gaba take ɗorawa. Kuma ta san na gaban. Ta yunƙura za ta tashi, jikin Badaru ya sake fizga da ƙarfi, kansa ya danne hannuwanta a jikin simintin. In ta zare, ƙeyarsa ce za ta fashe.

"Don Allah wani ya kashe! Don Allah!"

Sifikar ta yi ɗan ƙit. Aka ji kukan jariri, aka ji ana jijjiga shi, sannan wata murya ƙasa-ƙasa, mai tsoro.

"Salamu alaikum Malama. Hanne ce, ta gidan Kabo..."

Sai a lokacin mutum ɗaya ya fito daga cikin taron. Ya tako tabarmar da takalminsa, ya sunkuya ya ɗauki wayar.

"Kabo," in ji Umaima, hawaye na zuba a kan fuskar mutumin da take riƙe da shi, "'ya'yanku bakwai. Ka kashe, don Allah."

Kabo ya dube ta, ya dubi wayar. Ya sa yatsa a gefenta ya ƙara murya.